Saƙo a Buhun Riɗi

"Lafiya lau, Tsohuwa. Ya ƙafar? Har yanzu tana kuka kamar ƙyauren banɗaki?"

"Ƙafa da sauƙi, Maigida. Ya talauci?"

"Talauci yau yake tattara kayansa."

"Haka ka ce bara. Turo min kujerar nan, miji marar ladabi, ka bar mace a tsaye."

Gaisuwarsu ke nan, kuma ni da na riƙo mata hannu muka tsallako tsakar gida ban isa in sa baki ba. Innarmu ce, shi kuwa ɗan yayana ne, jikanta na fari. Tun ranar da aka haife shi ta ce ta yi miji, kuma a cewarta har yau ba ta ga ko sinƙin sabulu daga hannunsa ba. A gida Ejan muke ce masa, don ya daɗe yana safa da marwa tsakanin tashar jiragen ruwa da ofishin kwastan, takardun mutane a hammata, yana shigo wa wannan da kaya yana fitar wa wancan. Bana ya ce ya gaji da gudu a kan dukiyar wasu. Ya tattara ɗan abin da ya tara ya sayi riɗi, ya sa aka tace, aka zuba a sababbin buhuna, ya kuma sami wani kamfanin matsar mai a ƙasar waje da zai saya. Kwantena guda ce tak, amma da sunansa, kuma duk abin da ya mallaka a duniya yana cikin buhunan nan.

Tsohon siton babanmu da ke bayan gida ya gyara. A bakin ƙofa ya yanke wani lungu da katako ya sa masa suna ofis. Akwai tebur, da kwamfuta, da firinta mai cin takarda, da fankar da ba ta juyawa sai an mare ta, da kujera mai hannu ɗaya. A ranar, tirela ta riga ta ja da baya ta tsaya da kwantenar a buɗe, 'yan dako suna zaune a inuwarta. Ana jiran jami'in kwastan da mai duba lafiyar amfanin gona su zo kafin azahar, su duba, a loda a gabansu, a rufe, a maƙala hatimin ƙarfe. Da zarar an maƙala shi, ba mai sake buɗewa sai can inda za ta.

Inna ta zauna, ta bi tarin takardun da ke kan tebur da kallo.

"Wai duk wannan na riɗin ne, ko makaranta ka buɗe?"

"Na riɗi ne. Wannan ta farashi. Wannan ta jerin kaya, buhu nawa, nauyi nawa. Wannan shaidar ƙasar da aka noma shi. Wannan ta lafiyarsa, wannan ta feshin ƙwari, wannan inshora. Ta jirgi kuma sai an loda."

"Ikon Allah! Riɗi da takardar asibiti. Ni da na haifi ubanka ko kati ba a yanka min ba."

"Shi ya sa ba mai sayenki."

"An taya, kai ne ka ƙi saki."

"A kawo tayin yau, har kwalin sakawa zan bayar kyauta. Matsalar ita ce kowane kaya da lambarsa a wurin kwastan. Ke ban san layinki ba, kayan tarihi ne ko tsohon ƙarfe."

"Sa ni a layin zinariya."

"Zinariya ba ta minshari."

"Wa ya ji? Kai da barci ke sace ka da loma a baki?"

Ya yi dariya ya ci gaba da buga hatimi, amma ni na ga gumin da ke bin wuyan rigarsa. Tun safe ya goge rigar nan da kansa, abin da ban taɓa gani ba. Inna kuwa ta gyara zama, ta miƙe ƙafar mai ciwo, ta kafe shi da irin kallon da na sani tun ina yarinya, wanda ba ya ƙarewa da alheri.

"Maigida."

"Na'am, Uwargida."

"Jirgin naku yaushe zai isa?"

"In ya tashi a kan lokaci, wata guda da 'yan kwanaki."

"To in ya kusa ka gaya min, in sa a kira Auta ta je ta karɓi saƙonta."

"Wane saƙo?"

"Wanda na sa."

"Kika sa a ina?"

"A buhu mana. A aljihunka zan sa, ya ɓace kamar alkawarinka?"

Hatimin ya tsaya cak a iska. Auta ƙanwarsa ce, tana aure a ƙasar da riɗin zai je, kuma watan jiya ta haifi ɗanta na fari. Ya juyo ya kalle ni. Na ɗaga hannuwa biyu sama, don wallahi ban san komai ba.

"Tsohuwa, ki ce min wasa kike."

"Ina wasa da miji a gaban mutane?"

"Yaushe kika yi?"

"Shekaranjiya, da mutanenka suka tafi cin abinci. Makullin siton nan yana ƙuguna tun ubanka bai iya ɗaura wando ba."

"To da sauƙi. Buhun zai fi sauran nauyi, sikeli zai nuna min shi."

"Ka ɗauka sakarya kake aure? Buhun yana kan sikeli suka bar shi, baki buɗe. Na ɗebe riɗi daidai nauyin saƙona, na tura shi can ƙasa, na rufe, allura ta koma inda take. Suka dawo suka ɗinke da hannunsu, har ina yi musu sannu da aiki."

"Innalillahi! Wane buhu ne?"

"Fari."

Muka juya gaba ɗaya muka kalli cikin siton. Buhuna ne jibge tun daga ƙasa har kusa da kwano, ɗaruruwa, kuma babu ɗaya da ba fari ba.

Ejan ya ajiye hatimin, ya tsuguna a gabanta, ya sassauta murya kamar mai lallashin yaro ya sha magani.

"Amaryata. Hasken gidana. Bari in gaya miki abin da ake ciki. Takardar nan ta ce riɗi ne zalla, na kuma sa hannu a kai. Mutanen da ke zuwa yanzu za su zaɓi buhun da suka ga dama su soka tsinken ƙarfe, wani su farke. In suka ga abin da ba ya cikin takarda, na zama maƙaryaci. Za su riƙe kwantenar, jirgi ya tafi ya bar ni."

"In ba su gani ba fa?"

"Wannan ya fi muni. Sai ya isa can a gani. Kayan ci ne, in suka tsinci baƙon abu a buhu ɗaya za su ƙi kwantenar gaba ɗaya, kuma ba mai sake ɗaga wayata."

"Kai dai ba ka san mutane ba. Duk ɗan halak ɗin da ya buɗe buhu ya ga zanin goyo ya san akwai mai jego a kusa. Cigiya zai yi."

"Inji ne yake farke buhun, Tsohuwa."

"To shi injin ba shi da ido?"

"Ba shi da shi."

"Ashe ɗan'uwanka ne."

"Kuma garin kamfanin daban, garin Auta daban. Tafiyar yini ce a jirgin ƙasa."

"Ai ƙasa ɗaya ce. Su ba su da tasha? A ba wani direba ya miƙa mata."

Ni dai tun da ta ce zanin goyo na jingina da katakon ofis. Na san zanin. Saƙi ne mai duhu da ratsin fari, da majanyinsa. Da shi ta goyi yayana, da shi ta goye ni. Da matar yayana ta rasu ta bar Auta tana shan nono, Ejan kuma bai daɗe da fara tafiya ba, Inna ce ta sake fito da shi daga akwati. Ta sauke wannan ta ɗauki wancan, har suka yi ƙafa. Raina ya ɓaci da abin da ta yi wa yaron nan, amma tausayinta ya fi ɓacin ran yawa.

"Faɗi farashinki," in ji Ejan. "Atamfa? Sababbin haƙora? Waɗancan sun fara rawa in kina faɗa."

"Haƙorana sun ishe ni cizon miji."

"Tabarau mai ruwan zinariya."

"In ƙara ganin muninka da kyau?"

"To na sake ki."

"Tun kana rarrafe kake sakina, da yamma ka dawo da kwano a hannu."

"Kaka, don Allah."

In ya ce Kaka, wasa ya tsaya ke nan. Ita ma ta ji. Ta ɗan juya kai ta kalli bango.

"Tun ranar da aka ce yarinyar nan ta sauka nake ce maka ka aika min da shi. Kullum amsarka ɗaya, 'To, sai na gama da kwantena.' Kafin ka gama, yaron ya fara bin awaki da gudu."

"Ba awaki a inda suke."

"To ya bi abin da suke da shi. Kai ne ka kai ni ofishin biza, aka ɗauke ni hoto ba murmushi, aka dangwala min yatsu kamar ɓarauniya. Suka ce ba su yarda zan dawo ba. Ni! Da kajina suna jirana. Yarinya ta haihu a ƙasar mutane, ba uwa, ba kaka, ba wanda zai nuna mata yadda ake ɗaura ɗa a baya. Takarda ta hana ni zuwa, na haƙura. Shi ma zanin sai ya nemi biza?"

Fanka ta tsaya, ba wanda ya tashi ya mare ta. Ejan ya sunkuyar da kai yana wasa da yatsunsa, na ga kunnuwansa suna motsi kamar yadda suke yi in an kama shi da laifi tun yana ƙarami.

"Na yi laifi," in ji shi. "Zan aika shi ta jirgin sama, da takardarsa, da sunan Auta da lambar gidanta. Kafin riɗin nan ya bar bakin teku zanin yana bayanta."

"Ka rantse."

"Na rantse."

"Da me? Talaka ba shi da abin rantsuwa."

"Gwaggo ce shaida."

"Na shaida," na ce. "Inna, ki nuna masa, rana tana yi."

"To. Na yafe."

"Wane buhu ne?"

Ta ɗaga kai ta kalli tarin, daga dama zuwa hagu, daga hagu zuwa dama. Ta gyara ɗankwali. Ta yi gyaran murya.

"Fari dai."

"Tsohuwa!"

"To ni na ce su jibge su haka? A kan sikeli na bar shi. Da na dawo jiya in gaishe shi, sun haɗe shi da 'yan'uwansa."

"Wato duk cinikin nan da kika yi da ni, ba ki da kayan sayarwa?"

"A wurinka na koya. Kai ba ka sayar wa mutane riɗin da ba su gani ba?"

Ta faɗi haka da ƙarfin hali, amma na ga hannunta yana neman bakin mayafi. Sai yanzu ta gane cewa abin zai iya cin yaron da gaske, kuma tsoro ya kama ta. Ejan ya dafe kai yana zagaye tebur. In aka ce a farke buhunan nan ɗaya bayan ɗaya a sake ɗinkewa, har gobe ba a gama ba. Can ya tsaya.

"Ina kike ajiye zanin?"

"A akwatina mana."

"Baƙin akwatin ƙarfen nan?"

"Ina da wani ne? Ka saya min?"

"Da kafur a ciki?"

"To da gishiri zan ajiye tufa?"

"Wayyo ni! Kafur a cikin kayan ci!" Ya sake dafe kai, sai kuma ya saki a hankali. "Kafur. Shekaranjiya da rana kika ce?"

Ashe kowace rana da inda ake jibge aikinta, don in an sami matsala a san daga ina ta fito. Na shekaranjiya yana jikin bangon baya. Ya ƙwala wa 'yan dako kira, ya tuɓe rigar da ya sha wahalar gogewa, ya miƙa min, ya haye tarin da singileti. Suna sauko da buhu yana manna hanci a jiki, ya girgiza kai, a wuce da shi. Inna ta sa na ja mata kujera har bakin wurin, wai kada a yi babu ita.

"Jama'a ku zo ku ga mijina, ya bar aikin ofis ya koma akuya!"

"Ki yi shiru, kina ɗauke min hankali."

"Hanci ke aiki, ba kunne ba. Shinshina da kyau. Wannan hancin, Allah kaɗai ya san majinar da na share masa da bakin zanina. Yau ga ranarsa."

"In na fito daga nan, lambar tsohon ƙarfe zan ba ki."

"Ka fito tukuna. Kai mai jar hula, riƙe masa ƙafa, in ya faɗo ni ce da takaba."

'Yan dako suna dariya har buhu yana neman suɓuce musu. Ƙurar riɗi ta mayar da girarsa fara, yana atishawa yana ci gaba. An sauke kusan rabin layin, ni har na fara leƙen titi ina addu'ar kada motar jami'an ta bayyana. Sai na ga ya tsaya a kan wani buhu da ke can ƙasa. Ya shinshina, ya ɗago, ya sake mayar da fuskarsa ya bar ta a wurin fiye da yadda aikin yake buƙata.

"Ga ta nan," in ji shi a hankali. "Ƙamshin ɗakinki ne."

Aka farke bakin. Ya zura hannu har kafaɗa ya zaro ƙunshi a cikin tsohon ɗankwali. Ya sa aka fitar da buhun daga siton, har da waɗanda suka jingina da shi, ya cike gurbinsu da rarar da ya ajiye saboda tsaro. Yana cikin sa maɓallin riga muka ji tsayuwar mota.

Jami'an suka shigo, suka karɓi takardu, suka ƙirga, suka soka tsinke inda suka ga dama, suka farke wanda suka farke. Inna tana zaune da ƙunshinta a cinya, ta yi lakwas kamar ba ita ba. Mai duba lafiyar kayan ya zo wucewa ta gabanta, sai ya tsaya ya ɗaga hanci.

"Kamar ina jin kafur."

Ejan ya juyo ya kalli Inna.

"Ni ce, ɗana," in ji Inna, ta ɗaga ƙunshin. "Ga shi a cinyata. In mutum ya tsufa, da kafur ake ajiye shi, in ba haka ba asu ya cinye."

Mutumin ya yi dariya, ya ce Allah ya ƙara lafiya, amma ta ɗan matsa nesa da kayan. Ya koma ya shinshina riɗin da ke tafin hannunsa, ya tauna, ya sa hannu a takarda. Aka loda, aka rufe, aka maƙala hatimin ƙarfe, Ejan ya kwafe lambarsa. Da tirelar ta ɗaga ya bi ta da ido har ta sha kwana, sannan ya dawo ya zube a bakin tebur, don Inna ta ƙi ba shi kujerarsa.

"Saura saƙona," in ji ta.

"Ko ruwa ba za ki bari in sha ba?"

"Mai alkawari ba ya jin ƙishi."

Ya jawo kwamfuta, ya buɗe takardar aika ƙunshi ta jirgin sama. Ni na kwance ɗankwalin a kan tebur, na ce zan wanke zanin in shanya yau, don ba a sa jariri a cikin warin kafur.

"Mai aikawa?"

"Matar Ejan."

"Sunan gaskiya suke so."

"To sa wanda ke fasfo ɗin da bai yi min amfani ba."

"Mene ne a ciki? Zani ɗaya, majanyi ɗaya. Sabo ko tsoho?"

"Ya girme ka, ka gaishe shi."

"Ƙasar da aka yi shi?"

"Gindin bishiyar wani masaƙi da ya mutu kafin a haifi masu tambayar."

"Akwai abu mai haɗari a ciki? Mai kama wuta, mai guba, mai fashewa?"

"Akwai fitsarinka."

"An wanke, Tsohuwa."

"Wani fitsarin ba ya fita. Rubuta, kada a ce na yi ƙarya a takarda."

"Darajarsa?"

"Rubuta: ya goyi mutum huɗu, uku sun yi albarka."

"Gwaggo, ki yi haƙuri, kin ji abin da uwarki ta ce a kanki."

Na kai masa duka da ɗankwalin, ya kauce.

"Lamba suke so," in ji shi.

"Sa abin da ka ga dama. Ba su da kuɗinsa."

Ya sa, ya mari firinta, ta tauna takarda ɗaya ta tofo ta biyu. Ya miƙa mata biro ta yi ɗan zanenta a ƙasa. Sai ya ɗauki zanin zai ɗora a ƙaramin sikeli, majanyin ya zame ya faɗo masa a cinya. Ya ɗaga shi. Gefe ɗaya ya tattaune, zaren ya yi buzu-buzu.

"Ɓera ya samu wannan."

"Ƙwarai kuwa. Ɓera mai manyan kunnuwa. Lokacin da haƙoransa ke fitowa, ba dare ba rana yana bayana yana gurgura, yana kiran uwar da ba za ta amsa ba. In na cire masa ya tsala ihu, sai na bar masa."

Ejan ya ƙura wa majanyin ido. Ya shafa wurin da babban yatsa, ya juya fuska wajen fanka kamar mai duba dalilin tsayawarta. Ni kuwa hawaye ne suka zubo min, ban ɓoye ba.

Inna ta miƙa hannu ta zare majanyin daga hannunsa, ta ninke shi a cinyarta, ta kalle shi sama da ƙasa.

"Wannan ya fasa tafiya."

"Kamar yaya ya fasa? Yana cikin takarda."

"Da na fid da rai da kai, shi ya sa na haɗa wa Auta duka. Na ce wannan sai dai ya auri kwantena. Amma mutumin da ya shinshino ni a cikin buhunan nan, ashe da sauran amfaninsa. Wata marar sa'a za ta iya ɗauka. Auta ta nemi majanyi a can, wannan na ɗanka ne."

"Tsohuwa, takarda ta ce zani ɗaya, majanyi ɗaya. Kin sa hannu. In aka buɗe aka ga babu, sai an..."

"Sai an sake wata. To sake mana. Kana da wani aikin ne a duniya?"

Ya kalle ta, ya kalli takardar, ya kalli firintar da ke jiran mari. Sai dariya ta ƙwace masa, yana yi yana share ido da hannun rigar da ta riga ta yi baƙi. Ya yayyaga takardar ya watsa a kwandon shara.

"Na sallama, Uwargida. Kin ci."

"Yau ka sani?" Ta tura masa majanyin a ƙirji. "Riƙe. Kuma ka aiko a ɗauke maka riɗinka da na ɗebe, yana cikin kwano a ƙarƙashin gadona. Rabi ne ya rage, kajina sun karɓi kuɗin fito."